Siffar Shahada a Adar da Gobir: Daga Marsiyya zuwa Hoton Burmi

A majami'un Italiya an daɗe ana zana Waliyyi Sebastiyan a ɗaure, kibau sun huda jikinsa. A Iran kuwa akan baza zanen Karbala a kan babban ƙyalle, mai labari yana nuni da sanda, jama'a na kuka. A Tawa da ƙasar Adar abin bai bi ta nan ba. Malamai sun ƙyamaci zanen mai rai, sai shahidi ya samu mazauni cikin tawada da waƙa.

A Maratta, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawan da suka mara musu baya suka yi wa jama'arsa mummunar ɓarna: kimanin mutum 2000 suka kwanta dama, wajen 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Ƙanensa Abdullahi ya yi wa abokansa da suka faɗi a yaƙoƙin jihadi marsiyyoyi, ya tara su a Tazyinul Waraƙati. Mai karatu zai lura cewa ba rauni ko jini aka fi tsayawa a kai ba. Sunan mutum ake kira, da iliminsa, da halinsa. Sai dai alƙalami na hannun wanda ya yi nasara daga baya; Bagobirin da ya mutu a wannan fagen, shi ma ɗan wani, ba a yi masa marsiyya a wannan littafi ba.

Gawa a fili, na'urar hoton Turawa ce ta kawo ta. Ranar 27 ga Yuli 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, shi da ɗaruruwan mabiyansa masu hijira don guje wa mulkin Turawa. Aka sare kansa, aka ɗauki hoto, aka yaɗa shi don sarakuna da talakawa su tabbata ya mutu, gwiwarsu ta yi sanyi. Hoton an yi shi ne don wulaƙanci, amma Musulmin ƙasar sun ɗauki Attahiru a matsayin shahidi.

Waɗanda suka tsira sun bi ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, zuwa gabas. Garin da suka kafa a bakin Kogin Nilu a Sudan har yau Mai Wurno ake ce masa.