Inda baƙo zai samu kiɗan gargajiya a Tahoua da arewacin Adar

Baƙon da ya sauka tashar Tahoua yana neman kiɗan gargajiya ba zai ga allon da ke faɗin rana da wuri ba. A ƙasar Adar ba a yin kiɗa haka kawai: ko dai sana'a ce ta kira shi, ko buki, ko lokacin shekara. Wanda ya san waɗannan abubuwa uku ba ya rasa inda zai ji ganga, wanda bai san su ba kuwa yana iya yin mako a gari ya koma yana cewa kiɗan ya mutu.

Kowane kiɗa da masu shi

A al'adar Hausa, kayan kiɗa suna da iyayen gidansu. Kalangu na mahauta ne, shi ya sa ake jin sa a wajen dambe, wanda tun asali wasan mahauta ne, kodayake ya daɗe da shiga bukin aure da dandalin ƴan mata. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma tana bin manoma zuwa gona ranar gayya. Kakaki da algaita da tambari na sarauta ne, ba a busa su ko a buga su don talaka komai dukiyarsa. Goge da ƙwarya su ne kiɗan bori. Mata kuma suna da nasu kiɗan ƙwarya a cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga.

Saboda haka tambayar farko ita ce wane kiɗa mutum yake so ya ji, domin amsarta ce za ta nuna masa ƙofar da zai nufa.

Lokutan da suka fi dacewa

Damina lokacin aiki ne, in ban da gangar noma ba a cika jin kiɗa a ƙauye ba. Da kaka, daga watan Oktoba, in an girbe hatsi kuɗi sun shigo hannu, sai aure da kokowa su buɗe, su ci gaba har cikin sanyin hunturu. Wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa da baƙo.

Ranakun ƙaramar Salla da Sallar layya ana jin kiɗan fada a ƙofar sarakuna, kamar a Illela, mazaunin Sarkin Adar, da Keita da Tahoua kanta. Haka ma ranar naɗin sarauta. A watan azumi makaɗa suna ajiye kayansu, sai tashen yara da daddare bayan an sha ruwa.

A cikin birnin Tahoua

Wuri na farko shi ne gidan al'adu mai sunan Albarka Tchibaou, wanda mutanen gari suka fi sani da MJC. A nan ake shirya wasanni da gasa, kuma ma'aikatansa sun san ƙungiyoyin makaɗan jihar. Gasar waƙa ta ƙasa da ake kira Dan Gourmou, wadda aka fara tun shekarun 1980, tana ɗauke da sunan shahararren mawaƙin wannan ƙasa ta Tahoua.

Na biyu shi ne filin kokowa. A Tahoua aka yi gasar takobin ƙasa ta farko a 1975, inda Kantu na Maradi ya yi nasara, kuma gasar tana zagaya jihohi takwas na Nijar. Ko ba shekarar Tahoua ba ce, ana yin kokowar zaɓen ƴan wasan jiha kafin a tafi, kuma babu kokowar da ake yi ba makaɗa da kirari.

Na uku ita ce kasuwar Lahadi, ranar da ƙauyuka ke shigowa gari. A nan maroƙa da makaɗa suke haɗuwa da masu neman su, a nan kuma ake jin labarin bukin da za a yi cikin mako a Barmou ko Kalfou ko Bambeye. Sanarwar aure da suna da gidajen rediyo ke karantawa ita ma jagora ce ga mai kunne.

Arewa, wajen makiyaya

In aka bi hanyar Agadez aka wuce tabkin Tabalak zuwa Abalak, kiɗa yakan sauya harshe. Matan Abzinawa suna buga tende, wato turmi da aka ɗaure wa fata a baki, suna waƙa da tafi, maza kuma suna kewaya su bisa raƙuma. Akwai kuma imzad, goge mai tsirkiya ɗaya wanda mata kaɗai ke gogawa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Fulani Wodaɓe suna yin gerewol a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, kuma waƙarsu ta murya ce da tafi da taku. Wurin taron yana bin ruwa da ciyawar shekara, don haka sai an tambaya a Abalak.

Sai dai tafiya arewa tana son shawara. Tun 2017 yankunan Tillia da Tassara suka shiga dokar ta-ɓaci saboda hare-haren ƴan bindiga. Kada baƙo ya kama hanyar daji bai sanar da hukuma ba, kuma bai samu ɗan ƙasa da zai raka shi ba.

Wa ake tambaya, yaya ake zama

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Mai masauki shi ne farkon wanda ake tambaya, daga shi sai mai unguwa, sai sarkin makaɗa ko sarkin fawa. Ƴan kabu-kabu da samarin fada su ma sun san gidan da aka kafa rumfar buki yau.

In an isa, akwai ladabi. Ana gaida masu buki kafin a zauna. In makaɗi ya ambaci sunan mutum ya wasa shi, ana yi masa kyauta gwargwadon hali, domin wannan shi ne abincinsa, babu kuɗin shiga da za a raba masa. Ba a ɗaukar hoto ko murya da salula sai da izini, kuma mai ɗauka ya san cewa waƙar da ya yaɗa a WhatsApp gumin wani ce. Wasan bori ba a shelarsa, malamai da yawa suna adawa da shi, masu yin sa kuma ba sa son ɗan kallo da bai zo ta hannun wanda suka sani ba.

In tafiya ta kai waje

Adarawa mutanen ci-rani ne, daga Abijan zuwa Akara da Kumasi. A can ma hanyar ɗaya ce: a nemi zango, a gaida sarkin zango ko shugaban ƴan Nijar, a tambayi ranar buki. Makaɗan gida sukan bi mutanensu har can. Mai wucewa ta Yamai kuma yana iya leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan ƙabilun ƙasar.

Wasu al'ummomi sun sauƙaƙa wa matafiyi wannan nema. A ƙasar Ailan, makaɗan gargajiya sukan haɗu a mashaya a wani dare sananne na mako, su kewaye tebur da goge irin nasu da sarewa da ganga mai fuska ɗaya, suna kiɗa don jin daɗin kansu, ba yabon kowa ba liƙi. Ƙungiyarsu ta Comhaltas, da aka kafa a 1951, tana da rassa har Ingila da Amurka da Ostareliya, kuma ana wallafa ranakun zaman a intanet.

A Adar babu irin wannan jeri, komai a bakin mutane yake. Yau da masu buki da dama suka koma hayar manyan lasifika maimakon kiran makaɗa, ƴaƴan makaɗa kuma suna tafiya ci-rani, baƙon da ya nemi kiɗan, ya zauna ya saurara, ya ba da abin da ya sawwaƙa, yana cikin masu hana ganga shiga rumbu.