Yadda Kwamfuta Take Warware Jimlar Lissafi

A ofisoshin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin manoman shinkafa na Haɗejiya, Auyo, Kirikasamma da Guri, ana ƙara dogaro da kwamfuta da wayar hannu wajen lissafin taki, iri da kayan tallafin ambaliya. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'a su san cewa na'ura ba ta san nufin mai rubutu ba, ƙa'ida kawai take bi.

Mene ne tafinta?

Tafinta wani sashe ne na manhaja da yake karanta umarnin da aka rubuta, ya aiwatar da shi nan take. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, da tafinta yake aiki. Haka ma Excel take yi wa duk lissafin da aka fara da alamar = a cikin gidan tebur.

Matakan aikinsa

1. Yana yanka jimlar gunduwa-gunduwa: lambobi, alamomi da sunaye.
2. Yana jera su bisa fifiko: abin da yake cikin baka ne farko, sai ninkawa da rabawa, sannan tarawa da ɗebewa. Wannan ita ce ƙa'idar BODMAS da ake koyarwa a makarantunmu.
3. Idan ya tarar da suna, kamar B2, sai ya je ya ɗauko adadin da aka ajiye a wurin.
4. Yana warware ƙananan sassa tukuna, ya haɗa sakamakonsu har a sami amsa ɗaya.

Misali

A ce an ba wata ƙungiya mai mutum 10 buhun yuriya 40 da buhun NPK 60. Idan sakatare ya rubuta =40+60/10, tafinta zai fara raba 60 gida 10 ya sami 6, ya ƙara 40, amsa ta zama 46. Takarda za ta nuna kowane manomi yana da buhu 46, alhali duka kayan buhu 100 ne. Daidai shi ne =(40+60)/10, wanda yake ba kowa buhu 10. Rashin baka biyu kaɗai ya isa ya jawo zargi da rigima a wurin rabo.

Abin lura

Ba duk na'urori ne suke bin tsari ɗaya ba. Ƙaramar kalkuleta ta kasuwa tana lissafi daga hagu zuwa dama yadda aka danna, don haka 2+3×4 zai ba da 20, amma ta kimiyya 14 za ta bayar. Idan Excel ta nuna #DIV/0!, an raba ne da sifili ko da gidan da babu komai. Idan ta nuna #VALUE!, galibi an sa kalma a inda ake buƙatar lamba.

Shawara

Muna kira ga ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyi da su riƙa sa baka a duk inda suke son a fara lissafi, su gwada tsarin da ƙananan lambobin da suka san amsarsu, kuma su tabbatar jimillar abin da aka raba ta yi daidai da abin da ya shigo ma'aji kafin a sa hannu a takarda.