Lokacin da Kano Take Wurin Zuwa Sayayya: Kurmi, Masaƙan Minjibir da Hanyar Santambul

A 'yan shekarun nan birnin Istanbul ya shiga sahun wuraren da ma'aikata da 'yan kasuwar Arewa ke zuwa hutu. Mutum ya yi kwana biyar ko mako guda, ya ziyarci Ayasofiya da Masallacin Sultan Ahmad, ya shiga tsohuwar kasuwar nan mai rufi da Turkawa ke kira Kapalicarshi, sannan ya gangara unguwar Laleli ya cika akwatuna da abaya da takalma da zannuwan gado. Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne, shekaru ɗari biyu da suka wuce baƙi ne ke yin irin wannan tafiya zuwa Kano, kuma kayan da suke nema ƙauyuka irin su Minjibir ne ke saƙa su.

Kasuwannin biyu kusan sa'annin juna ne. Sarki Muhammadu na Biyu ya ci Kustantiniyya a 1453, kuma a shekarun da suka biyo baya ya sa aka gina rumbun ajiyar kaya masu daraja wanda ya zama zuciyar Kapalicarshi. A Kano kuwa, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ake dangantawa da kafa Kasuwar Kurmi. Sarakunan biyu sun fahimci abu guda: birnin da ke son girma sai ya tanadar wa fatake wurin da za su sauke kaya cikin aminci.

Alaƙar ta ƙara kusanta bayan 1551, lokacin da Daular Usmaniyya ta kama Tarabulus. Daga nan bakin hanyar Sahara ta tsakiya ya koma hannun Sarkin Santambul, kamar yadda Hausawan da ke kiran sa. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gadamus da Gat da Agadas har ya iso Kano. Larabawan Gadamus suka kafa gidaje a cikin birni, kuma unguwar Dandalin Turawa tana riƙe da sunansu har yau, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Ta hannunsu alharini da alkyabba da jar dara da takarda suka shiga gidajen sarauta da na malamai. Kano ita ma tana tura rinannen tufafi da jemammiyar fata da takalma. Tana kuma tura bayi, kuma wannan ɓangare ne na tarihin Kurmi da bai kamata a ɓoye ba. Ko bayan da Daular Usmaniyya ta haramta fataucin bayi daga Afirka a 1857, cinikin bai tsaya nan take ba.

Baƙi biyu sun bar bayani mai yawa kan yadda kasuwar take. Hugh Clapperton, ɗan Sikotilan, ya shigo Kano a Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya sa kayan sojan ruwansa yana zaton zai ja hankalin jama'a, sai ya tarar kowa harkar gabansa yake yi. A Kurmi ya sayi koriyar lema ƙirar Ingila a kan dalar Sifen uku, abin da ya nuna masa nisan da kayan duniya ke yi kafin su iso nan. Amma tsarin cinikin ne ya fi ba shi mamaki. Ya rubuta cewa ana sa sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda idan aka kai shi Barno aka buɗe aka ga algus, sai a mayar da shi Kano, dillali ya nemo mai kaya a biya mai saye kuɗinsa.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya iso a Fabrairun 1851. Ya hau Dala ya zana birnin, ya zaga unguwanni a kan doki, ya kuma zauna ya yi lissafi. Ya ƙiyasta mazauna Kano da dubu 30, adadin da kan ninka a lokacin fatauci. Ya ce tufafin Kano na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Tambutu a yamma, kuma darajar abin da ake fitarwa a shekara ba ta gaza wuri miliyan 300 ba, a lokacin da wuri dubu 50 zuwa 60 kan riƙe iyali shekara guda. Ya kuma lura cewa wannan sana'a a cikin gidaje ake yin ta, ba tare da ta raba mutane da iyalansu ba.

Waɗannan gidaje yawancinsu a karkara suke. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, inda ake noma gona ɗaya kowace damina ana ciyar da ita da takin da jakuna ke ɗaukowa. Ƙaramar gona ba ta isa ta riƙe gida ita kaɗai, saboda haka rani ya zama lokacin sana'a. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Maza su zauna a masaƙa suna fitar da ƙwarya mai tsawo da za a haɗa ta zama riga ko zane. Marina su tsoma a karofi, mabuga su fito da ƙyallinsa. Kura ta yi suna a rini da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, Minjibir kuwa ta yi suna a saƙa, musamman gwado da farin saƙi. Abin da baƙo ke gani a rumfunan Kurmi ƙarshen aikin hannaye ne masu yawa da ke nesa da ganuwa.

Shekarar 1911 ta kawo sauyi ta fuska biyu. A cikinta Italiya ta kai wa Tarabulus hari ta raba ta da Daular Usmaniyya, a cikinta kuma layin dogo ya iso Kano. Hanyar Sahara, wadda dama ta fara rauni, ta rasa dalilin zamanta. Yadin Manchesta ya riƙa shigowa da araha, manoma suka karkata ga gyaɗa. Daga baya masaƙun zamani suka taso, irin Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, amma su ma sun durƙushe a farkon wannan ƙarni, har Kantin Kwari ta cika da yadin Sin. Masaƙin hannu na Minjibir ya rage yana jiran odar biki ko ta sarauta, 'ya'yansa kuma da yawa sun kama wasu sana'o'in.

Kapalicarshi ta sha gobara da girgizar ƙasa, ciki har da ta 1894, amma kowane lokaci an gyara ta, kuma yau tana da shaguna kusan 4,000. Tsoffin unguwannin Istanbul sun shiga kundin kayan tarihi na UNESCO a 1985. Ganuwar Kano kuwa tun 2007 take cikin jerin masu jiran shiga, alhali ana ci gaba da cinye badala da gine-gine. Sai dai gyaran gini kaɗai bai isa ya bayyana bambancin ba. Kasuwannin Istanbul na da abin sayarwa domin masaƙun Bursa da Denizli da Gaziantep suna aiki a bayansu, kamar yadda Minjibir da Kura suka taɓa tsayawa a bayan Kurmi.

Saboda haka duk shirin farfaɗo da yawon buɗe ido a Kano da ya tsaya ga fentin ƙofofi zai samar da wurin ɗaukar hoto ne kawai. Abin da ya jawo fataken Gadamus shi ne kaya masu inganci da dillalin da ya yarda a rubuta sunansa a cikin ƙunshi. Masaƙan da suka gaji aikin suna nan a Minjibir, amma yawancinsu sun manyanta, kuma sana'ar hannu ba ta wuce ƙarni guda idan ba a sami mai koyo ba.