Zane Marar Siffa da Idon Bahaushe: Martani ga Masu Cewa Baƙo Ne

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo a sassan koyar da zane na manyan makarantunmu: wai zanen fenti marar siffa, wanda ba ya kwaikwayon mutum ko doki ko itace, sai launi da layi da fili kawai, baƙo ne a ƙasar Hausa, kuma duk ɗan Arewan da ya rungume shi ya juya wa gadonsa baya. A wajen masu wannan ra'ayi, mai zane daga Kontagora ko Zariya ba shi da hanyar nuna asalinsa sai ya zana hawan sallah, ko 'yar Fulani da ƙwaryar nono, ko ƙofar gari. Tarihin da suke dogara da shi sananne ne: Kandinsky da takwarorinsa a Turai tun wajajen 1910, da sashen zane da aka mayar Zariya daga Ibadan a 1955, inda a lokacin akasarin malamai Turawan Ingila ne. Ba na jayayya da tarihin. Hukuncin da aka ɗora a kansa nake ja da shi, domin a ganina an cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe: kayan aikin da suka zo daga waje, wato ƙyalle da fentin mai da zauren baje koli, da kuma idon da yake kallo, wanda ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba.

Shaidar wannan ido a fili take. A duba babbar riga mai aska takwas: dogayen harsuna masu tsini sun gangaro daga wuya ta gefen aljihu, tambari mai zagaye ya zauna a ɗaya ɓangaren, aka bar fili mai faɗi babu ko zare. Nauyin aikin ya karkata gefe guda, amma rigar ba ta rinjaya ba. Babu wanda yake tambayar maɗinkin ko hoton mene ne wannan. Abin da ake cewa shi ne aikin ya zauna, ko ya cika, ko hannun bai faɗa ba, kuma waɗannan kalmomi hukunci ne a kan daidaito da tazara, irin hukuncin da ake yi wa zane marar siffa a ko'ina. Haka allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, inda ja da rawaya da kore suke zagaye rubutu cikin gidaje da sarƙoƙi. Haka bangayen gidajen birnin Zariya, inda magina suke murɗa yaɓe da hannu tun yana ɗanye. David Heathcote ya tattara yawancin wannan a baje kolin fasahar Hausa da aka yi a Landan a 1976, Salah Hassan kuma ya yi littafi a 1992 kan fasahar alƙalamin malaman Hausa. Al'ummar da ta yi ƙarnuka tana tantance irin waɗannan ayyuka da wuya a ce launi da layi zalla sun fi ƙarfin fahimtarta.

Mai ja da ni yana da amsa, kuma ba ta raini ba ce. Zai ce duk abin da na lissafa ado ne, ado kuwa bawan wani abu ne. Aska takwas tana yi wa riga hidima, riga tana shelar matsayin mai ita. Zayyana tana girmama ayar da ke tsakiyarta. Zanen bango yana faɗa wa mai wucewa cewa maigidan ya samu. Kowane salo yana da suna, yaro yana koyonsa a gaban ubangidansa, kuma gwaninta ita ce a maimaita shi ba tare da kuskure ba. Zanen ƙyalle kuwa ba ya yi wa komai hidima. Mutum ɗaya ne yake fitar da abin da ke ransa, ya sa hannu a ƙasa, a rataye a bango, wani attajiri a Legas ko Abuja ya saya. Saboda haka, in ji shi, kamannin da ke tsakaninsu na ido ne kawai, kuma wanda ya kira su 'yan gida ɗaya yana nema wa baƙo dangi ne da ƙarfin tsiya.

Na yarda da rabin wannan magana: aikin da zayyana take yi daban, wanda zanen ƙyalle yake yi daban. Inda muka rabu shi ne zaton cewa ado ba ya motsi, kuma ba shi da mai shi. Binciken Friedrich Schwerdtfeger kan bangayen Zariya ya nuna magina sun shigar da keke da mota da jirgin sama cikin tsofaffin salo, kuma mutanen gari sun san aikin wane da wane. Sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, bai ɓace ba har yau. Sannan akwai misalin da ya gwada zancen a aikace. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatu a makarantar Slade da ke Landan, ya koma Sudan a 1957, ya tarar jama'arsa ba su damu da abin da ya koyo ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da adon allo, ya warware su har suka daina karantuwa suka zama siffofi, mutane kuma suka fara tsayawa gaban aikinsa. An nuna ayyukansa a kulob ɗin Mbari na Ibadan a farkon shekarun 1960, Tate Modern ta Landan kuma ta yi masa babban baje koli a 2013. Da kamannin na ido ne kawai, da wannan gada ba ta ɗauki kowa ba.

A nan dole in taƙaita da'awata zuwa iyakar abin da hujja ta ba da dama. Ba zan ce zane marar siffa na Nijeriya daga zayyana ya tsiro ba. Ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya da aka kafa a 1958, wadda Uche Okeke ya rubuta mata manufar haɗa gado da sabon ilimi a 1960, kusan dukkan 'ya'yanta daga Kudu suke, kamar yadda littafin Chika Okeke-Agulu na 2015 ya fayyace. Okeke, duk da a Kafanchan ya tashi, ga zanen uli na Ibo ya koma; Bruce Onobrakpeya ya koma ga al'adun Urhobo. A Zariya aka furta manufar, amma gadon Zariya kansa bai sami wanda ya yi masa irin wannan naci ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, ƙasar Hausa tana da masu kallo da suka shirya, da taskar salo da har yanzu ba a taɓa ta sosai ba. Rashin amfani da taska ba hujja ba ce ta cewa babu ita.

Akwai kuma kuskuren da yake fitowa daga ɓangarenmu, mu masu kare wannan zane: a watsa fenti, a manna dagin Arewa a tsakiya, a ce an nuna gado. Wannan tambari ne kawai, bai fi hoton hawan sallah zurfi ba. Wuri yana shiga zane ta hanyar launi da haske da yanayin fatar aikin, kuma sau da yawa tafiya ce take buɗe ido gare su. Paul Klee ya je Tunisiya a Afrilun 1914, ya koma yana gina zanensa da ƙananan gidajen launi. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Nsawam ta Ghana a 1946, ya yi karatu ya kuma koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995. Shi ne ya shahara da tsinka fentin mai ya bar shi ya kwarara a kan ƙyalle, siffa ta fito rabi ta nitse rabi, yadda abu yake bayyana cikin hazon hunturu. Mazaunin Arewa yana iya gane garinsu a irin wannan aiki ko babu rawani ko ɗaya a ciki.

Kontagora, a ganina, ta fi wurare da yawa dacewa da wannan gwaji. Gari ne da matafiyi ya kafa, Umaru Nagwamatse jikan Shehu Usmanu, a wajajen 1864, a kan ƙasar da Kambari suka riga kowa zama, kusa da Dakarkari, a hanyar da ta haɗa ƙasar Nufe da Yawuri da Sakkwato. Mai zanen da ya tashi a nan yana da jan ƙasar hanya bayan ruwa ya ɗauke, da koren gonakin masara a tsakiyar damina, da duwatsun ado da jarfar matan Kambari. A jiharsa akwai gilashin masaga na Bida, da layukan da Ladi Kwali ta riƙa tsagawa a jikin tukwane a garin da yanzu ake kira Suleja. Hoton doki ɗaya ba zai ɗauki wannan gauraye ba, amma launi da tsari za su iya. Don haka abin da ya kamata sassan zane su yi shi ne su daina tambayar ɗalibi ko me ya zana, su tura shi zama wajen maɗinki da magini da mai zayyana na tsawon zango guda, a kuma gayyato waɗannan gwanaye su zauna cikin masu duba aikinsa ranar jarrabawa.