Sa Hannu Kafin Ƙuri'a: Tarihin Fid Da Ɗan Takara A Kudancin Kano

Duk mutumin Ƙiru da Bebeji, ko na Tudun Wada da Doguwa, ya san ranar zaɓe, domin ya sha rana a layi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su tambaya, wai shin wa ya kai sunan wanda muke dangwala wa gaban hukumar zaɓe tun farko? To, wannan ita ce tambayar da nake so mu ɗan bi tarihinta.

A Jamhuriya ta Farko mutum yana iya tsayawa takara da ƙafarsa, ba tare da jam'iyya ba. Tsarin mulki na 1979 ne ya toshe wannan ƙofa, na 1999 kuma ya bi sawunsa. Tun daga nan sai ya zamana ba mai tsayawa sai wanda jam'iyya ta tsayar, jam'iyya kuwa ba ta da hannun rubutu sai na shugabanninta. Watau shugaba da sakatare na ƙasa, su ne masu sa hannu a takardar da ake miƙa wa hukumar zaɓe. A 1983, a shari'ar Onuoha da Okafor, Kotun Ƙoli ta ƙara musu ƙarfi, inda ta ce fid da ɗan takara sha'anin cikin gida ne na jam'iyya, ba ruwan kotu.

Mu Kanawa mun ga amfanin wannan sa hannu tun da wuri. Da PRP ta dare biyu a 1980, aka sami 'yan Taɓo na Malam Aminu Kano da 'yan Santsi na su Gwamna Abubakar Rimi, hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta amince da shi. Rimi yana da gwamnati, yana da jama'a, amma ba shi da mai sa masa hannu. Dole ya sauka daga kujera a 1983, ya bar wa mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa, ya je ya nemi tutar NPP. Sabo Bakin Zuwo, wanda ya riƙe tutar PRP ɗin, shi ya kayar da shi. A ganina, rabin wannan zaɓe an gama shi tun ranar da FEDECO ta faɗi ɓangaren da ta sani.

Daga baya kotu ta ɗan ja wa shugabannin jam'iyyu linzami. A 2007 ta ɗora Rotimi Amaechi a kujerar gwamnan Ribas, alhali ko sunansa ba ya cikin 'yan takara, don PDP ta musanya shi bayan ya ci zaɓen fid da gwani ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. A Mayun 2019 kuma ta zubar da dukkan ƙuri'un APC a Zamfara, saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba.

To, bari mu dawo gida. A 2021 APC ta Kano ta wayi gari da shugabanni biyu: Abdullahi Abbas na ɓangaren Gwamna Ganduje, da Ahmadu Haruna Ɗanzago na ɓangaren Malam Ibrahim Shekarau. Mai karatu zai iya cewa, ai shugaban jiha ba shi ke aika suna Abuja ba, to mene ne abin faɗa? Amsar ita ce, wanda yake riƙe da shugabannin mazaɓu da na ƙananan hukumomi, shi yake riƙe da hanyar da daliget suke fitowa, daliget kuwa su ne masu fid da gwani a wancan lokacin. Wanda ya rasa su, ko da kasuwar Kwanar Ɗangora duka tana sonsa, sai dai ya yi kallo. Wata babbar kotu a Abuja ta fara ba wa ɓangaren Shekarau gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, sannan a Mayun 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abdullahi Abbas.

Watan bai ƙare ba sai da aka ga ƙaura. Abdulmumin Jibrin, mutumin Kofa a ƙasar Bebeji, wanda ya fara wakiltar Ƙiru da Bebeji a 2011 har Ali Datti Yako na PDP ya karɓe kujerar a zaɓen da aka sake a Janairun 2020, ya bar APC ya koma NNPP. Kawu Sumaila ma haka. A 2023 Jibrin ya dawo da kujerarsa, Kawu kuma ya kayar da Kabiru Gaya a sanatan Kano ta Kudu. Alhassan Ado Doguwa kuwa, wanda yake shugaban masu rinjaye a Majalisar Wakilai a lokacin, bai motsa daga APC ba, ya sake samun tutarta, ya kuma riƙe Tudun Wada da Doguwa, ko da yake sai da aka kai ga zaɓen cike gurbi a Afrilun 2023. Maƙwabtan mazaɓu biyu ke nan, ɗan takara ɗaya ya zauna inda masu sa hannu suke tare da shi, ɗaya ya tafi neman wasu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan zaɓe ya faru ne a Kano ta Tsakiya. Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP tun Agustan 2022, amma sunansa yana nan a takardar da aka riga aka miƙa. Jam'iyyar ta nemi sa Rufa'i Sani Hanga a gurbinsa, INEC ta ƙi karɓa. Saboda haka a Fabrairun 2023 aka yi shelar cewa Shekarau ne ya ci sanata a jam'iyyar da ya yi wata shida da barinta. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris, sannan Hanga ya karɓi takardar shaidarsa.