Masu Barkwanci A Talabijin: Tarihinsu Da Abin Da Masu Kallo Ke Cewa A Kansu

Yau za mu duba masu ba da dariya a talabijin, waɗanda matasa ke kira 'yan kwamedi. Mu nan Kwandiko, kamar sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, ba a taɓa kallon ɗan barkwanci a tashi lafiya ba tare da musu ba. Wani ya ce gwani ne, wani ya ce shirme kawai yake yi. To daga ina sana'ar ta samo asali, kuma da me masu kallo ke auna mai yin ta?

Mene Ne Barkwancin Tsaye?

Shi ne mutum ɗaya ya hau dandamali riƙe da makirfo, ba fim, ba abokin wasa, ya yi ta zuba zance har jama'a su yi dariya. A kudancin Najeriya wannan babbar sana'a ce. Ali Baba ne ake ɗauka a matsayin wanda ya ɗaga darajarta, sannan taron Night of a Thousand Laughs da Opa Williams ya fara a 1995 ya fito da gwanaye da yawa. Su Basketmouth da AY duk ta dandamali duniya ta san su.

A Arewa kuwa abin bai yi ƙarfi haka ba. Wanda ya fi yin suna a wannan salon shi ne MC Tagwaye, mai kwaikwayon murya da tafiyar Muhammadu Buhari. Amma yawancin gwanayenmu a cikin labari suke ba da dariya, wato a fim ko shiri mai dogon zango.

Asalinsa A Ƙasar Hausa

Kada wani ya ce maka daga Turai muka aro. Tun kafin zuwan talabijin akwai 'yan kama, masu tsayawa a kasuwa ko gidan biki suna kwaikwayon karatun malamai da waƙoƙin makaɗa, amma duk su juya zancen ya koma kan tuwo da miya. Akwai 'yan gambara, akwai wawan sarki mai faɗa wa sarki gaskiya cikin raha. Ga tashe na watan azumi, ga kuma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko jika da kaka. Duk waɗannan suna da ƙa'ida: an san wanda ake tsokana, an san inda ake tsayawa.

Gwanayen Da Aka Sani

Samanja Mazan Fama: sunansa Usman Baba Pategi, tsohon soja ne. Ya yi fice a rediyo da talabijin na Kaduna da Hausarsa ta bariki mai gauraye da Turanci. Ya rasu a Nuwamban 2023.

Ƙasimu Yero: tauraron shirin Karambana a NTA Kaduna. Ya rasu a 2017.

Karkuzu na Bodara: Abdullahi Shu'aibu, daga Jos.

Rabilu Musa Ibro: ɗan garin Ɗanlasan a jihar Kano, tsohon ma'aikacin gidan yari. Shi ne ya mamaye zamanin kaset da faifan CD. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014.

Bayansa akwai Sulaiman Bosho, Rabi'u Daushe, Baba Ari da Mustapha Naburaska. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta sake dawo da barkwanci cikin gidaje, ta hanyar Kamaye na Daɗin Kowa da kuma shirin Gidan Badamasi na su Falalu Ɗorayi.

Ra'ayoyin Masu Kallo

Idan ka zauna a teburin mai shayi ko shagon cajin waya, za ka ji ra'ayi ya kasu kusan gida huɗu.

Na farko, masu cewa dariya kawai suka zo nema. Mutum ya wuni a gona ko kan babur, ya dawo a gajiye, ba wa'azi yake so ba. In ka sa shi ya manta da tsadar taki na rabin awa, ka gama masa komai.

Na biyu, masu neman darasi. Yawanci manya ne. Su kan ce Samanja zai ba ka dariya, amma kafin shirin ya ƙare ka koyi wani abu game da zaman tare ko riƙon amana. A wurinsu barkwancin da ba saƙo a ciki ɓata lokaci ne.

Na uku, masu kukan rashin kunya. Wannan ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma dalilinsa a fili yake. Talabijin ba waya ba ce. A gida ɗaya uba da uwa da yara da suruka duk suna gaban akwati ɗaya. Kalmar batsa guda ɗaya ta isa ta sa maigida ya miƙe ya bar wurin, ko ya ce a kashe. Shi ya sa abin da ke wucewa a dandamalin Legas ba lallai ya wuce a tsakar gidan Bahaushe ba.

Na huɗu, waɗanda ake yi wa dariya. Mu mutanen karkara mun san wannan ciwon. Sau nawa aka nuna baƙauye a matsayin wanda bai san komai ba, ko Bafulatani, ko mai in'ina, ko makaho? Wasu Fulanin namu na dariya su ce wasa ne, wasu kuma ransu ya ɓaci. Bambancin shi ne, a wasan gargajiya wanda aka tsokana yana nan a wurin, zai rama. A talabijin kuwa ba shi da bakin ramawa.

Barkwanci Da Hukuma

Ba masu kallo kaɗai ke yanke hukunci ba. A 2008 kotu ta ɗaure Ibro wata biyu a Kano kan fim ɗin Ibro Aloko, lokacin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace finafinai. A Nuwamban 2022 kuma wata kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Uniquepikin da Nazifi Muhammad hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon barkwanci kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Duka biyun sun raba kan jama'a. Wasu suka ce sun wuce gona da iri, wasu suka ce tun zamanin wawan sarki ba a hana mai ba da dariya taɓa manya.

Da Me Ake Gane Gwani?

Duk da saɓanin nan, akwai abubuwan da kusan kowa ya yarda da su. Gwani ba ya maimaita salo ɗaya har a gaji da shi. Ba sai ya yi ihu ko ya sa tsumma ba. Yana da Hausa a bakinsa, ya san karin magana da habaici. Sannan yana iya ba da dariya ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba.

Shawarata ga matasanmu masu son shiga harkar: kafin ka ɗauki bidiyo, ka tambayi kanka, zan iya faɗin wannan a gaban mahaifiyata? Zan iya faɗa a gaban wanda nake kwaikwayo? In amsar eh ce, bismillah. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye basira.