Ranar da Marsandi Ta Kife a Suwidin

A watan Oktoba na 1997, ma'aikatan mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin suka fita gwada sabuwar ƙaramar motar Mercedes-Benz, wato A-Class. Gwajin sananne ne a can: direba ya kauce farat ɗaya kamar wata ƙatuwar dabbar daji ta faɗo masa titi, sannan ya dawo hannunsa. Robert Collin ne a sitiyari, yana gudun kusan kilomita 60 a awa. Motar ta ɗaga tayoyi biyu, ta kife.

Maganin kuwa yana hannun kamfanin tun tuni, sai dai na masu hannu da shuni ne. Tun 1995 Mercedes da Bosch suka fito da na'urar ESP a cikin tsadaddiyar S 600, bayan shekarun da injiniya Anton van Zanten da abokan aikinsa suka shafe suna gina ta a kan fasahar birkin ABS na 1978. Kwamfuta ce ke kwatanta inda direba ya karya sitiyari da inda motar ta nufa a zahiri, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. In aka shiga kwana gaban mota ya ƙi juyawa, sai ta matse birkin tayar baya ta cikin kwanar. In bayan ne ya fara zamewa, sai ta kama tayar gaba ta waje, ta rage ƙarfin inji. Babu direban da zai iya wannan, komai ƙwarewarsa, domin ƙafarsa tayoyi huɗu take takawa lokaci guda.

Kunyar kifewar A-Class ce ta sauko da na'urar ƙasa. Mercedes ya dakatar da sayar da A-Class, ya gyara ƙafafunta, ya saka wa kowacce ESP, ta koma kasuwa a Fabrairun 1998. Daga nan sauran kamfanoni suka rasa hujjar hana talaka. Amurka ta wajabta ta a motocin ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014 a duk sabuwar mota.

Shi ya sa yawancin motocin waɗannan shekarun da ake shigowa da su ta Kwatano suke da ita. Alamarta ƙaramar fitila ce mai ruwan ɗorawa a gaban direba, hoton mota da layuka biyu a karkace. In tana ƙyaftawa a kwana, na'urar tana aiki ne. In ta kama ta zauna, an kashe ta ko ta lalace, kuma bai kamata a liƙe ta da salatif ba.